Saniyar da ta Faɗi a Bakin Iyaka

"Gawa nake tambayarka, Yaya Egon, gawa! Ka ga gawarta da idonka?"

Zita ta buga cokalin katako a kan tebur har kofin madara ya yi tsalle. Egon, yayan nata, bai ko ɗago kai ba. Ribel ne a gabansa, dambun masarar nan da ƙanwarsa ta fi kowa iyawa a gari, kuma ba ya yarda faɗa ya shiga tsakaninsa da shi.

"Ba sai na ga gawa ba. Saniya ta kwana huɗu ba ta dawo garke ba, a kan dutsen nan, cikin wannan hazo. Ina kike so ta je? Vaduz ta sauka a buga mata hatimi a fasfo, irin na baƙinki?"

"Ka bar baƙina a inda ka gan su."

"Ni ban ma gan su ba. Gobe dai su za su ga shanu tsirara, yadda Allah ya halicce su. Al'ada ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba."

"Meinrad! Kana zaune kana jin sa? A kan rabon saniyarka Golda fa ake magana."

Meinrad, mijin Zita, yana bayan murhu yana shafa gwiwa. Ya buɗe baki, ya ga idanu huɗu a kansa, ya mayar ya rufe. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune tsakanin wa da ƙanwar nan, ya daɗe da gane cewa duk wanda ya shiga rabon faɗansu, shi za su haɗu su cinye.

Ga yadda maganar take. A ƙauyenmu, can saman Vaduz, babban birnin ƙasarmu, da bazara ta kama ake haɗa shanun gari a kora su rugar kan dutse, a damƙa wa makiyayi, sai kaka su sauko. Ranar saukowa kowace saniya da furanninta da ƙararrawarta. Wadda ta fi kowa ba da madara kuwa, kujerar tatsa ake kifawa a ɗaura mata a ka, a lulluɓe da furanni, ita ce a gaba. Sai dai akwai sharaɗi. In ko saniya ɗaya ta mutu a can sama a shekarar, to ba fure, ba kujera. A sauko da su haka nan, kamar masu dawowa daga jana'iza.

To, shekara arba'in da ɗaya Meinrad yana kai shanu dutse, ko sau ɗaya tasa ba ta taɓa ɗaukar kujerar nan ba. Na Egon sun ɗauka sau tara, hotunan suna jere a ƙofar gidansa daidai inda baƙo zai sunkuya cire takalmi, ba yadda za ka yi ka ƙi gani. Sai bana. Bana da likita ya ce wa Meinrad gwiwoyinsa sun gama aikinsu na duniya, har ya yi wa wani manomi na kwari alkawarin shanun da zarar sun sauko, bana ɗin nan Golda, jar saniyarsa mai guntun ƙaho, ta tashi ta dinga zubar da madara kamar an buɗe famfo. Makiyayi ya auna, ya sake aunawa, ya ce ita ce. Tun ranar Meinrad yake tafe a gari kamar wanda aka haifa wa jika na fari.

Sai ranar Litinin Nelka ta ɓata. Nelka ta Egon ce. Kowa ya san yadda suke da ita, ita ce wadda yake zaga tun daga kakanninta, don ba ta da sana'a sai harbin bokiti. Sau biyu yana rantsuwa zai kai ta mahauta. Amma tun da ta ɓata ta zama 'yar lele, ko a shago aka ambaci sunanta sai ya cire hula.

Ita kuwa Zita tata damuwar daban. Ita ta naɗa kanta shugabar masu karɓar baƙi a ƙauyen, ba wanda ya zaɓe ta, ba kuma wanda ya isa ya sauke ta. Ta sa an buga takarda da yare huɗu: a ga gidan Yarima daga waje, a shiga gidan adana kan sarki, a taka gadar katako zuwa Suwizalan a dawo, ranar Asabar kuma a hawo wurinmu a ga shanu da furanni. Manyan motoci biyu cike da 'yan yawon buɗe ido sun ce suna tafe. Mako biyu tana ɗaurin furanni har yatsunta suka yi kanta. Kujerar Golda tana nan a kan akwatin kwanuka, an gama mata ado, ko ƙuda Zita ba ta bari ya sauka a kai.

"Na buga wa limamin coci waya," in ji Zita. "Ya ce ɓata daban, mutuwa daban."

"Ni ma na buga masa. Ya ce al'adar kakanni abar girmamawa ce."

"Ƙarya kake masa."

"Ke dai kike masa."

Dukansu gaskiya suka faɗa. Limamin namu mutumin kirki ne, duk wanda ya kira shi a ƙarshe shi ke da gaskiya.

"Hassada ce kawai ke cin ka, Yaya. Da Nelka ce za ta ɗauki kujera, Golda ta ɓata, da tuni ka ce ta tafi shan iska, tana nan dawowa."

"Ji ta! Ni zan yi wa mijinki hassada? Sau tara, Zita. Tara!" Ya ɗaga yatsu, ya ga cokali ya tare masa biyu, ya ajiye cokalin ya sake ɗagawa. "Suruki, kai faɗi tsakaninka da Allah. A sa fure ko kada a sa?"

"To," in ji Meinrad, "in dai ta mutu, ai ba a sawa."

"Kin ji!"

"Amma in ba ta mutu ba, ana sawa."

"Ka ji!" in ji Zita.

"To ta mutun ne ko ba ta mutu ba?" Suka haɗa baki.

"Shi ne ai ban sani ba."

Zita ta ja tsaki, ta juya wajen taga. Hazon da ya kwana huɗu zaune a kan duwatsu ya ɗage tun safe, har tsinin dutse ana gani.

"Tashi," ta ce wa mijinta. "Ga gari ya buɗe. Ɗauki mota ka hau ka nemo ta. In tana da rai, ka koro ta."

"In ban gan ta ba fa?"

"Ka dawo ka ce ba ka gan ta ba."

"In kuma na gan ta, amma..."

Ta matso kusa da kunnensa, tana gyara masa wuyan riga kamar mai tausayi. "To ka tabbatar ba ka gan ta ba."

"Ina ji fa," in ji Egon, da cikakken baki.

Haka Meinrad ya hau tsohuwar jif ɗinsa, bai san takamaiman abin da aka aike shi nema ba. A ruga ya tarar makiyayi yana wanke shanu, Golda na tsaye tana tuƙa, an goge ta sai sheƙi take. Ya shafa wuyanta ya kau da kai da sauri. Makiyayin ya ce ko'ina an duba ranar Laraba, in ban da kwazazzabon da ke can bakin iyakar Ostiriya, don a ranar ko tafin hannunka ba ka iya gani, maza suka ce a koma gida kada a nemi saniya a rasa mutum.

Meinrad ya ɗauki sanda ya kama hanyar, taku goma ya huta, taku goma ya zagi likita.

Bai yi nisa ba ya ga mutum biyu tsaye a kan wani falalen dutse, mace da namiji, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Matar mai jar hula ce, mijin gajere, ƙaton wuya.

"Hoi," in ji Meinrad, yadda muke gaisuwa a nan.

"Baba, don Allah, nan wace ƙasa ce?" Matar ta tambaya. Jamusancinta na tsofaffi ne, irin wanda Meinrad bai sake ji ba tun rasuwar kakarsa.

"Tamu ce."

"Taku wacce? Wayata ta ce Ostiriya. Ta mijina ta ce Suwizalan."

"Liechtenstein."

"A'a, Baba, ai mun gama da wannan tun jiya kafin abincin rana."

Ta zaro takarda daga aljihu, sai ga takardar Zita, an bi ta layi-layi an soke da biro. Sunanta Marlise, mijin Valdir, daga Brazil suke, shi mahauci ne a garinsu, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Jamusanci, sai dai ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Ta ce gidan Yarima sun tsaya a ƙofa rabin awa suna jiran a buɗe, sai wani ya gaya musu ba a shiga, mai gidan yana ciki. Ta ce me ya sa ake kiran mutane su zo ganin gidan da mai shi yake ciki? Meinrad ya ce shi ma bai taɓa tunanin wannan ba. Ta ce gadar katako sun tsallaka sau uku don mijinta bai yarda sun bar ƙasar ba. Yanzu tsinin dutsen da ƙasashe uku suka haɗu suke nema, tun safe suke bin jan fenti a kan duwatsu, fentin ya kawo su nan ya tsaya.

"Wannan fentin na makiyayi ne," in ji Meinrad. "Yana nuna inda yake ajiye gishiri."

Ta fassara wa mijin. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki hoton fentin.

"Ku biyo ni. Zan kai ku dutsen iyaka, daga nan za ku ga hanyarku."

Suna tafe tana zuba. Abin da ya kawo su na gaskiya, ta ce, shi ne layin ƙarshe a takardar, wanda ba a soke ba. Kakarta daga wani ƙauyen duwatsu ta fita tana yarinya, har ta mutu ba ta daina ba da labarin shanu masu furanni ba. Jikoki suna dariya, suna cewa tsufa ne, wa ya taɓa yi wa saniya kwalliya. "Gobe zan gani da idona, in ɗauka, in kai musu. Ka san saniyar da za ta zo gaba?"

"Na san ta," in ji Meinrad.

Kafin su kai dutsen iyakar ya ga hankaki. Biyar ko shida, suna shawagi a kan kwazazzabon, suna sauka suna tashi. Ya tsaya. Maganar Zita ta faɗo masa. Ba abin da ya fi sauƙi irin ya nuna wa baƙin nan hanya ya juya. Ai bai ga komai ba, tsuntsaye ya gani, kuma ba a aike shi neman tsuntsaye ba. Har ya juya ƙafa ɗaya. Sai Valdir ya ɗaga hanci, ya shaƙi iska, ya faɗi wata kalma da yarensu. Ba sai an fassara ba. Mahauci ko'ina mahauci ne.

Da gindi Meinrad ya sauka kwazazzabon, Valdir na riƙe da wuyan rigarsa ta baya kamar mai sauke buhu. Wando ya yage, tafin hannu ya kwaile, gwiwoyi kuwa ba a magana.

Nelka na kwance a kan haƙarƙari, ƙafafun baya biyu a karye. Ba wannan ne ya tsayar da shi ba, ya ga irinsa da yawa a rayuwa. Ciyawa ce. Duk inda wuyanta zai iya kaiwa ta cinye tas har ƙasa, ta yi wani da'ira kamar an share da tsintsiya, bayan da'irar kuma ciyawa kore shar. Ba ranar Litinin ta mutu ba ke nan. Ta kwana tana jira, ta wuni tana jira. Valdir ya taɓa cikinta, ya duba ido, ya ɗaga yatsa ɗaya, sannan ya nuna baya. Jiya.

Meinrad ya zauna a ƙasa. Akwai abin da ya yi ranar Laraba, daga shi sai Allah suka sani. Da maza suka dawo daga nema hannu rabbana, ya shiga coci ya kunna kyandir ya ce, "Ya Ubangiji, ban ce ka kashe ta ba, ban ce ka raya ta ba. Kada dai a gan ta sai ranar Lahadi." A lokacin da yake faɗin haka, Nelka tana nan tana miƙa wuya.

Ya kwance ƙararrawar da kansa. Madaurin ya yi tauri, sai da Valdir ya taya shi.

Da suka fito, Marlise ta yi alamar gicciye, ta tambaya ko saniyar wane ce. Ya gaya mata. Bai san dalili ba, sai ya ci gaba ya gaya mata sharaɗin furannin ma. Ta dubi takardarta, ta dubi kwazazzabon.

"To amma, Baba, a ƙasarku ta mutu?"

Meinrad ya ɗago kai. Dutsen iyakar yana nan a kan tudu, gansakuka ta rufe rubutunsa. Na gabansa yana can tsallaken kwazazzabon. Tsakaninsu ba komai sai iska. Aka yi wa Valdir bayani, ya hau tudun, ya rufe ido ɗaya, ya miƙe hannu daga wannan dutsen zuwa wancan kamar mai saita yanka.

"Ya ce tana can ɓangaren," in ji Marlise.

Valdir ya matsa taku biyu ya sake saitawa.

"Ya ce a'a, tana nan ɓangaren."

Ya sake matsawa, ya yi dogon bayani da hannu biyu.

"Ya ce kai da wuya na can, ƙirji da cinya na nan. Ya ce in da a wurinsa ne, ɓangaren da ya fi nama shi ne mai saniya."

Suka duba wayoyi. Ta Marlise ta koma Suwizalan, ta Valdir ta ce ba ta san inda take ba. Meinrad ya ji kansa na juyawa. Ita ma al'adar, yaya take cewa? In saniya ta mutu a kan dutsenmu, ko in saniyarmu ta mutu a kan dutse? Tun yana yaro yake jin maganar, bai taɓa lura da wanne ake faɗa ba. Ba wanda ya taɓa rubutawa. Waɗanda suka sani duk suna bayan coci a kwance.

"Gobe dai za a yi furannin, ko?" in ji Marlise.

"Ban sani ba."

Rana ta riga ta karkata, tsinin ƙasashe uku ya yi musu nisa, sai ya sauko da su a jif. Ya so ya ajiye su a bakin titi, amma Valdir ya ga yadda yake fitowa daga mota, ya sa kafaɗa ya tallafe shi har cikin ɗakin girki. Egon na nan inda aka bar shi, sai dai kwanon gabansa ya canja. Zita na ganin takardarta a hannun baƙuwa ta saki murmushin nan nata na baƙi, ta ja musu kujeru, ta zuba kofi, ta yi musu Turancinta da ba mai ganewa sai ita.

Meinrad ya ajiye ƙararrawar a tsakiyar tebur. Ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru.

Murmushin Zita ya tafi. "Na ce maka..."

"Na ji abin da kika ce."

Egon ya ture kwano. Ya jawo ƙararrawar, ya juya ta, ya shafa madaurin da babban yatsa. Duk mai jiran ya ce "ba na faɗa ba" ya sha jira.

"A ina?" ya tambaya.

"Kwazazzabon bakin iyaka. Ƙasan dutsen da gansakuka ta rufe."

"Bakin iyaka?" Zita ta yi caraf ta cafe. "Yesu da Maryamu, ai wannan Ostiriya ce! Saniya ta bar ƙasa da ƙafarta, ta je ta mutu a ƙasar waje, ina ruwan dutsenmu? Su can su cire furanninsu." Ta kama ƙugu, ta fuskanci yayanta, ta shirya.

Egon ba ita yake kallo ba. Wandon Meinrad yake kallo, da jinin da ya bushe a tafin hannunsa, da gwiwoyin da suka kumbura har sun cika wandon.

"Kai ka sauka ramin nan? Da waɗannan ƙafafun?"

"Da gindi."

"Don Nelka? Mai harbin bokiti?"

Egon ya ciro ƙyalle ya fyace hanci da ƙarfi har Valdir ya zabura.

"Ostiriya ce," in ji Egon. "Na san wurin tun ina yaro. Ostiriya ce tsantsa. A sa furen."

"Ƙarya kake, Yaya, ka san dai..." Zita ta fara, don bakinta ya saba. Sai ta tsaya, ta dube shi. "Me ka ce?"

"Na ce a sa. Golda ta ɗauki kujerarta."

"A'a," in ji Meinrad. "Ƙasarmu ce."

Zita ta dubi mijinta, ta dubi yayanta, ta sake duban mijinta, kamar wadda ta shiga gida ta tarar an sauya wa ƙofofi wuri.

"Meinrad, rana ce ta buge ka a can sama? Ya fa yarda. Egon ya yarda! Shekara sittin ina jiran ranar da zai yarda da wani abu."

"Ban ce na yarda da ke ba," in ji Egon. "Ni taswira nake bi."

"Da safe ai cewa ka yi..."

"Da safe ban san a ƙasar waje take ba."

"Ba a ƙasar waje take ba," in ji Meinrad.

"Ka auna?"

"Wannan bawan Allah ya auna. Sau uku."

"Ya ce me?"

"Abu uku."

Marlise na fassara wa mijinta a hankali. Ta ɗan ɗaga hannu. "Ku gafarce ni, wane ne ba ya son furen? Na ɗauka wancan baban ne."

"Ni ma haka na ɗauka, 'yar nan," in ji Zita. "Sha kofinki."

Meinrad ya gyara zama. Ya ba su labarin ciyawar, da da'irar, da yatsa ɗayan da mahauci ya ɗaga. Sannan, yana kallon ƙasa, ya faɗi abin da ya roƙa ranar Laraba. Marlise ta daina fassara.

"Shi ke nan?" in ji Egon. "Don wannan? Suruki, kai har kana tsammanin Allah na jin taka? Shekara arba'in kana roƙon kujerar nan, ya ba ka?"

"Bana ya ba ni."

"To?"

"To bana yana ji na ke nan."

Egon ya yi fushi. "Hazo ne ya hana a gan ta, ba kyandir ɗinka ba! Kai wa ya gaya maka kana da wannan matsayin? Ni ma ranar Laraba na roƙa a tsinci gawarta kafin Asabar, in dai tonon asiri ake."

"Yaya!"

"Me? Ashe ba ki ce hassada ce ke ci na ba? To ita ce. Yanzu kuma na ce a sa fure, kyauta na ba shi, ya tsaya yana yi mini tsiya a gaban baƙi. Saniyata ce, ni zan faɗi inda ta mutu!"

"Faɗi," in ji Meinrad. "Golda kuma tawa ce, ni zan faɗi abin da za ta ɗauka."

"Bana ce fa ta ƙarshe, Meinrad." Muryar Zita ta sauka, wannan karon ba maganar motoci take ba. "Baɗi ba ka da saniya. Ba za a sake ba."

"Na sani."

"To me kake so? Ka ce ƙasarmu ce, ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Ban san a wace ƙasa take ba, Zita. Ban san yadda al'adar take cewa ba. Abin da na sani, in na ga Golda gobe da furanni a ka, ciyawar nan zan gani."

Ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Ya je akwatin kwanuka ya sauko da kujerar. Ya nemo bakin wayar da aka ɗaure furannin da ita, ya fara warwarewa a hankali, yana jera su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, ja da fari da ruwan ɗorawa, bai karya ko guda ba. Ba wanda ya hana shi. Da ya gama sai ga kujerar tatsa tsurarta, tsohon katako da ya sha hannu. Ya juya ta daidai, ya ajiye a ƙasa, ya zauna a kai, don gwiwoyin sun ƙi kai shi bayan murhu.

Valdir ya ga an gama wani abu cikin natsuwa, sai ya ajiye kofi ya fara tafi. Matarsa ta riƙe masa hannu.

"Taurin kai," in ji Egon. "Ostiriya ce."

"Ƙasarmu ce."

Marlise ta dubi furannin, ta dubi tsohon da ke zaune a ƙasa-ƙasa, ta dubi ɗayan da ke rungume da ƙararrawa yana huci. Ta juya wurin Zita da takardarta a hannu.

"Uwar gida, wannan ma cikin al'adar ne?"

Zita ta kwance ƙyallen girkinta, ta ninke shi huɗu, ta ajiye a kan furannin.

"Cikinta ne, 'yar nan. Ku ɗauki hoto da kyau, ba kullum ake gani ba. Gidan Yarima da gada duk banza ne, ga abin kallon ƙasar nan a gabanku. Gobe ƙarfe goma motoci biyu za su tsaya a dandali, tsofaffin nan biyu za su fito su yi wa mutum tamanin bayani da yare huɗu. Ni ina wurin ƙawata a kwari, kada wanda ya neme ni."

"Zita, abincin dare fa?" in ji Egon.

Ta ɗauki jakarta, ta fita, ta bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa kofuna suka yi ƙara a kan tebur.